Tarin Aku

Muna da aku a gidanmu na Panshekara lokacin ina firamare. Baba ne ke kula da shi. Ko ya dawo a gajiye daga kamfanin jima na Challawa, kayansa na warin fata da kemikal, sai ya wanke masa kwanon ruwa, ya yanka masa rake kafin ya zauna.

Wata rana da la'asar ina zuba masa gyaɗa, sai akun ya yi tari mai zurfi, irin mai kankare ƙirji. Na ruga na kira Baba. Ya zo tare da Baba Danladi, maƙwabcinmu mutumin Filato, wanda suke aiki tare.

"Baba, akunmu ba shi da lafiya. Ku ba shi magani."

Baba Danladi ya duba idon tsuntsun da gashinsa, sannan ya juyo a hankali ya dubi Baba.

"Malam Sani, tsuntsun nan lafiyarsa ƙalau. Aku ba ya faɗin abin da bai ji ba. Tun yaushe kake yi?"

Ban taɓa jin Baba yana tari ba. Amma kejin a bayan ɗaki yake, inda yake zuwa shi kaɗai kullum da safe.

Baba ya ɗauko tsumma ya lulluɓe kejin tun rana ba ta faɗi ba, ya ce da ni, "Je ki wurin Ummanki."

Ina tafiya, akun yana ta tari a bayana da muryar Baba.