Diflomar Aro

Tun ranar da mai Keke Napep ɗin da yake tuƙawa ya karɓe makullinsa, Kwaji ya rasa abin yi a unguwar Kolere da ke Mubi. Takardar sakandare kaɗai gare shi, ga matarsa Margret da cikin wata shida. Ana haka wani abokinsa ya bugo waya daga Kano, ya ce wani kamfanin roba na neman mai gyaran wuta, amma sai mai difloma.

Kwaji ba shi da difloma. Yayansa Japhet ne ke da ita, ta aikin lantarki, shekara biyu tana kwance a akwati yana jiran aikin gwamnati. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ga kama, har a coci ana rikita su.

"Yaya, ara mini takardarka da katin shaidarka," in ji Kwaji. "Wa ya san ni a Kano?"

"Kai da ko soket ba ka taɓa ɗaurawa ba?"

"Zan koya a can. Kowa ma a bakin aiki yake koya."

Japhet ya ƙi. To amma kun san halin gidajenmu. Mama ta sa kuka, kawu ya sa baki, wai takarda ce kawai, ba cinye ta za a yi ba. Margret kaɗai ta ce ya tafi da sunansa, ko dako ne ko gadi ya fara da shi.

"In bar Mubi in tafi har Kano gadi?" in ji shi. "Haba, Margret."

Kwana uku ana wannan ja-in-ja, Japhet ya gaji ya buɗe akwati.

A Kano aka ɗauke shi. Aka ba shi hular kwano da takalmin aiki, leburori suna ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa da ƙarfinsa. An haɗa shi da Malam Zailani, wani dattijo da ya shekara talatin yana aikin wuta. Tun makon farko dattijon ya lura da yadda yake riƙe filaya.

"Ɗana, hannun nan naka bai san waya ba," ya ce masa a keɓe. "Faɗa mini gaskiya, in fara koya maka daga tushe."

"A'a Baba, na iya. Na dai kwana biyu ban yi ba ne."

Tsoron kora ne ya hana shi faɗin gaskiya. Malam Zailani bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya riƙa ba shi ɗaukar tsani da canjin ƙwan fitila, ya hana shi kusantar babban akwatin wuta. Haka aka yi wata huɗu lafiya lau. Margret ta haihu, Kwaji ya aika da atamfa da buhun shinkafa, Mama tana ta nuna wa maƙwabta.

Wata Talata Malam Zailani ya tafi garinsu ta'aziyya. Da hantsi babban inji ya tsaya cak. Manaja ya fito yana gumi.

"Injiniya Japhet, ga mutum arba'in a tsaye ba aiki. Je ka duba mana."

Kwaji ya tsaya gaban babban akwatin wutar. Ban iya ba, shi ke nan abin da zai ce ya tsira. Amma idanu arba'in da ɗoriya na kansa, kuma jiya-jiya suka gama kiransa Injiniya. Ya tuna ya sha ganin dattijon yana jan wani hannu ƙasa kafin ya fara aiki. Ya ja shi, ya ɗauka wuta ta mutu. Bai san akwai wani layin da ke shigowa daga janareta ba. Ya zura sufana.

A asibiti ya farka. Likitoci sun yi iya yinsu, amma dole aka yanke hannun dama daga gwiwa.

Kwana biyu bayan nan Margret ta iso daga Mubi da jaririya a baya, Japhet na biye da ita. Manaja na tsaye a bakin gado ya zo dubiya. Tana ganin bandeji ta zube ƙasa tana kiran sunan mijinta na gaskiya.

"Wane ne Kwaji?" in ji manaja.

Ya dubi na kwance, ya dubi na tsaye, ya gane komai.

Kamfani ya ce shi Japhet mai difloma ya ɗauka aiki, wannan na kwance bai san shi ba, don haka babu diyya. Aka miƙa magana ga 'yan sanda. Japhet ya yi ta zirga-zirga tsakanin Mubi da Kano, sunansa ya shiga takardar ƙara. Abin da ya fi ci mini rai, a cikin watannin nan ne aikin da ya shekara biyu yana jira ya fito. Aka zo tantancewa, aka ga ƙarar, aka cire shi.

Yau Kwaji yana gida. Ba ya iya tuƙin keke, ba ya iya riƙe fartanya, 'yarsa ma sai an ɗora masa ita a cinya. Margret ke gasa masara a bakin titi tana ciyar da su. Japhet ya kwashe kayansa ya koma garin Maiha, rabonsa da gidan tun Kirsimeti.

Jama'a, rashin difloma ba ya hana mutum neman abinci a wata jiha, amma ka tafi da sunanka da abin da hannunka ya iya. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ku kuma iyaye, ku daina tilasta wa ɗa ya ara wa ɗan'uwansa takarda, don ranar da abin ya ɓaci duka biyun za ku rasa.