Ƙibar Barmo

Dija ta fara ganin Barmo ne a layin rabon garin alkama a Cadakori, shekarar da fari ya ƙarar da shanun gidansu. Tana ƙorafi cewa tuwon garin sai danƙo, Inno mahaifiyarta ta kasa haɗiye shi. Ya jingine kekensa, ya ce ai ba garin tuwo ba ne. Ya daɗe yana kuku a gidan wani Baturen Ingila a Kaduna, ya san kan garin.

Washegari ya zo gidansu da ƙunshi mai zafi. Fudin sunansa: gari da kitse, a kwaɓa, a ɗaure a farin ƙyalle, a bar shi cikin tafasasshen ruwa har ya nuna. Ya ce tun kakanni talakawan Ingila ke cika ciki da shi in nama ya gagara, ran sallarsu kuma su zuba busasshen inabi. Shi garin magarya ya zuba.

Inno ba ta karɓar abinci daga hannun mai yunwa. Ta taɓa mayar wa maƙwabciya fura don ta ga yadda 'ya'yanta ke kallon ƙwaryar. Ta daɗe tana duban Barmo, sannan ta gutsura. Fudin ɗin ya zauna mata a ciki.

Daga nan kullum sai ya kawo. Dija ta tsinci kanta tana sharar ƙofar gida daidai lokacin zuwansa.

Sai dai bai taɓa kai loma baki ba. In an ce masa bismilla, sai ya ce a Ingila kuku ba ya ci gaban masu gida, sai an kwashe kwanoni, can baya shi kaɗai.

"To Ingila muke?" in ji Kawu Sanda, ƙanen Inno. "Kuma ina kitse a ƙasar nan, inda shanu ke faɗuwa a bakin rijiya? Mutanen da ya yi wa aiki alade suke ci."

Ga kuma abin da ya fi damun mutane: kowa na ramewa, Barmo na ƙara tumbi. Ya bar hawan keke. Da babbar riga da rawani yake zuwa cikin zafin nan, yana taku a hankali kamar attajiri. Wasu suka ce rumbun agaji yake wa sata, wasu suka ce gwangwanin man alade yake ɓoyewa a jikinsa.

Dija ta yi ta kare shi a zuci. Amma wata rana da ta miƙa masa ruwa, sai ya ja da baya kada ta taɓa rigarsa, ta ji wani abu ya yi ƙaras-ƙaras a ciki. Ranar ba ta raka shi ba.

Maganar alade ta kai kunnen Inno. Ta kurkure baki, ta daina ci. Cikin 'yan kwanaki sai a zaune take salla.

Kawu Sanda ya tara maza a ƙofar gida, suka tare Barmo da hantsi.

"Malam kuku, yau kai za ka fara ci."

"Na Inno ne, Kawu. Ɗan kaɗan ne yau."

"Kitsen mene ne a ciki?"

"Na sa ne. Ku tambayi mahaucin Gidan Rumji, kekena na wurinsa a bakin kuɗin kitsen."

"To ɗaga rigar mu gani."

Barmo ya dubi ɗakin Inno. "Don Allah, ba a gabanta ba."

Kawu ya fizgi rigar. Fizga ɗaya Barmo ya zube kamar karan dawa, ƙunshin ya gangara cikin rairayi. Kawu ya saki rigar, ya ja da baya.

Dija ta ɗauki ƙunshin, ta karkaɗe, ta kwance. Ta durƙusa gabansa, ta gutsura, ta kai bakinsa. Ita da ba ta taɓa kiran sunansa a gaban manya ba, ta ɗaga murya kowa ya ji.

"Wallahi, Barmo, ba zan ƙara haɗiye loma ba sai na ga ka haɗiye taka. Yau da gobe, har a gidanka in kana so na."

Inno na bakin ɗaki, ta rufe fuska da gefen zani, gama ta riga ta gani. Ƙarƙashin rigar babu gwangwani, babu tumbi, sai buhunan rabonsa na gari da ya juye musu kaf, ya nannaɗe su wofi a kan fata da ƙashi.