Ɗalibin da Ya Daina Kallon Madam Ludia

Esekia ya sake yi. Madam Ludia ta miƙa masa littafin waƙoƙin Turanci, ya noƙe hannu, sai da ta ajiye a tebur sannan ya ɗauka, kamar mai ƙazuwa ce ta taɓa shi.

Abin ya tsaya mata a wuya. A duk kwalejin horon malamai ta garin Kokopo, ba ɗalibin da ta yi wa wahala kamar wannan yaro. Ya zo daga ƙauye Turancinsa a karkace, ita ta miƙar da shi. Ita ta koya masa tsayuwa a gaban jama'a, da jan numfashi a ƙarshen baiti, da dokokinta biyu da kowa ya haddace: ka kira sunan wanda kake wa magana, ka dube shi cikin ido. Har gida take kiransa ran Asabar, ta sa 'yarta Nerrie ta dafa musu ayaba da madarar kwakwa suna bitar nahawu.

Amma tun da aka dawo hutu yaro ya zama wani iri. Ya koma kujerar ƙarshe. In ya hango ta a baranda sai ya kewaye ta bayan tankin ruwa. "Madam Ludia" ya ɓace daga bakinsa, sai wani gunaguni da kai a sunkuye.

Da farko ta ɗauka ƙwayar buwai ya fara tauna, wadda mutanen nan ke ci kamar goro, yana ɓoye jan baki. Ba abin da ta tsana kamar wannan jan yawu da ake fesawa a bango. Ta leƙa haƙoransa, fes suke. Ashe girman kai ne kawai: ya ƙoshi da ilimi, ya raina macen da ta ba shi.

"Ƙyamarsa nake ji, wallahi," ta ce wa Nerrie suna cin abinci. "Butulu. Duk wadda ta kwashi wannan ta kwashi kayan takaici."

Nerrie ta ture kwanonta, ta ce ƙarnin kifin ne ke tayar mata da zuciya, ta tashi.

Ranar jarrabawar baka ta zo, ita ce ta ƙarshe. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, kuma gurbin koyarwar da aka riga aka yi wa Esekia alkawari wani za a ba. Kowa ya shigo, ya gaida mai jarrabawa da sunanta, ya kawo waƙarsa da ka.

Esekia ya shigo a kaikaice kamar ƙaguwa. Ya tsaya can bakin ƙofa, ya fuskanci taga.

"Ina kwana," ya ce wa bishiyar mangwaron da ke wajen tagar.

"Ina kwana wa?"

Ya ƙara kafe tagar da ido.

"Ba ni da suna? Juyo nan!"

Gumi ya jiƙa masa riga, amma bai juyo ba. Ya fara waƙar, ta wani makiyayi ce mai kewar masoyiyarsa. Abin haushi, bai taɓa karanta ta da daɗi haka ba, ko harafi bai ci ba. Wannan ya ƙara tunzura ta. Wato iyawa ya iya, ita ce dai ba ta kai a kalla ba.

"Dama ta ƙarshe, Esekia. Dube ni, ka faɗi sunana."

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ba zan iya ba."

Ta kayar da shi, ta kai sakamakon ofis da kanta don kada wani ya zo mata da magiya. Ta wanke hannu a famfo har da sabulu.

Da yamma ta iso gida ta tarar da dattawan ƙauyensu Esekia zaune a tsakar gida, da kwandunan gwaza. Yayanta Tomarum yana cikinsu, bakinsa jawur, yana ta washe haƙora. Shi kuwa gogan yana can jikin shinge, ya juya mata ƙeya. Nerrie ta laɓe a bakin ƙofa cikin wata riga mai faɗi.

A ranta ta ce har roƙon jarrabawar ya iso ke nan, da gwaza za a saye ta. Ko jaka ba ta ajiye ba.

"In don yaron nan kuka zo, kun makara. Na gama da shi. Marar kunya ne."

Tomarum ya tofar da jan yawu kusa da takalminta, ya kwashe da dariya.

"Marar kunya? Haba ƙanwata, boko ya cinye miki al'ada! Yaron da tun da ya nemi auren Nerrie da hutu bai ƙara kama sunanki ba, ko abu bai karɓa daga hannunki ba? Yau ina za ki samu surukin da ke kunyar uwar matarsa haka?"