Jan Zakaran Kirsimeti

Ku matso ku ji abin da Inna ta yi min a jajiberin wata Kirsimeti, a ƙauyenmu wajen Paki. Ina 'yar shekara takwas, ina da jan zakara da na kiwata tun yana ɗan tsako, shi za mu ci da shinkafa washegari. Da la'asar Inna ta ɗaure masa ƙafafu ta ce, "Maza ki kai wa Malam Sule ya yanka mana."

Malam Sule maƙwabcinmu ne, Musulmi, baban ƙawata Hajara. Na san kan zancen: in shi ya yanka, dole a kai musu kwano, cinyar da na ƙwallafa rai a kanta ta tafi ke nan.

Na turo baki na ce, "Inna, wai mu ba mu da wuƙa ne?"

Ta yi dariya ta jawo ni jikinta. "Muna da ita, uwar wayo. Amma in babanki ya yanka, Hajara ba za ta ci ba. Da aka haifi Yesu, mala'ika cewa ya yi albishir ɗin na dukan mutane ne. Ke ce za ki tare shi a bakin zaurenmu?"

Na kai zakaran ina ƙunƙuni. Washegari ni na ɗauki kwanon, cinyar tana sama, muka raba ta da Hajara.

Inna ba ta iya karatu ba, amma har yau ban ji wa'azin da ya kai wannan ba. To ku, kwanonku na bana gidan wa zai shiga?