Maza Su Gwada, Mata Su Rubuta

Malam Benjamin Auta ya shekara goma sha tara yana koyar da kimiyya a wata sakandare da ke Magajin Gari, kuma ba ya kukan komai. Ga gonar masara a hanyar Kazage, ga tsohon babur da sai an lallashe shi yake tashi, ga kuma 'yarsa Mercy da ba a taɓa shan gabanta a aji ba.

Doka ɗaya gare shi a ɗakin gwaje-gwaje: maza su taɓa kayan aiki, mata su riƙe biro su rubuta sakamako. Ba da mugunta ba. Cewa yake mata sun fi kyan rubutu, kuma kayan gwamnati in sun fashe sai a shekara ana jiran wasu. Ko Mercy bai ɗaga wa ƙafa ba.

Wata Laraba sai ga Dakta Muslimat daga wata jami'a, ta ratso dajin nan da kowa ke addu'a kafin ya shiga. Ta tara ɗalibai ta ba su tarihin cibiyar kimiyyar da take wakilta. Malamai mata uku ne suka kafa ta a wani ɗakin ajiya, da madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya, shi ma na aro. Yau cibiyar tana ɗaukar nauyin 'yan mata masu son kimiyya har su gama jami'a. Bana an ware wa yankin gurbi ɗaya, na 'yan ajin ƙarshe.

Malam ya gyara zama. A ransa, an riga an gama: Mercy na ajin ƙarshe, gurbin nata ne.

A rubutacciyar jarrabawa Mercy ce ta ɗaya. Sai Dakta ta ɗiga ruwan rijiya a kan ɗan gilashi ta miƙa mata.

"Sa a madubi, ki gaya mini abin da kika gani."

Mercy ta haddace sunan kowane ɓangare na madubin, ta zana shi ya fi sau ashirin. Amma hannunta bai san shi ba. Ta murɗa da ƙarfi, gilashin ya ce ƙas!

"'Yata, ba ki taɓa riƙe shi ba?"

"Mu rubutu muke yi, Malama."

Gurbin ya tafi ga wata Rukayya daga Tsohon Birnin Gwari. A hanyar gida Mercy ba ta yi kuka ba. Daga bayan babur ta ce, "Baba, wai me ake gani a cikin ruwan?"

Malam ya san amsar sarai, amma kunya ta rufe shi.

Ranar Litinin ya ƙwace biro daga hannun mata, ya tura su gaban teburi. An fasa gilasai, duniya ba ta tashi ba. Cikin shekara huɗu ɗalibansa mata biyu sun shiga cibiyar, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labarinsu. Mercy tana koyarwa a firamare, tana jin daɗin aikinta, ba ta taɓa yi masa gori ba. Shi ne dai bai manta cewa likita ta so zama ba.

Iyaye da malamai, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku bar 'yan mata su taɓa, su gwada, su fasa. Gilashi ana sayo wani, amma damar yarinya in ta wuce ba a samunta a kasuwa.