Zobe a Cikin Murjani

Karo na uku ke nan Tushar yana danƙa wa Areef zoben alkawarin nan.

Ya ce, "Ka ɓoye shi cikin murjanin ƙarƙashin teku, inda aka saba. In mun nutsa sai ta tsinta."

Areef, mai kai baƙi nutso a tsibiran Maldives, ya ja tsaki. Zobe ɗaya, kowace shekara da sabuwar budurwa. Tir!

Yana ɗaura wa Ketaki, budurwar bana, tukunyar iskar numfashi, tausayinta ya kama shi. Ya raɗa mata, "'Yar'uwa, ke ce ta uku fa. Mayaudari ne."

Ko a jikinta. Ta gyara gilashinta.

"Ɗan'uwa, shi ne na biyar. Ni dai gaya min, zoben na zinariya ne? Na bara ƙarfe ne, a banza na jiƙa gashina."