Hawayen Mai Shari'a Tukur

Tun da na'ura ta karɓi yanke hukunci a babbar kotun tarayya, aikin Mai Shari'a Tukur Maiwada ya koma karantawa kawai. Jama'a sun ƙi yarda a ɗaure musu 'ya'ya ba su ga fuskar ɗan Adam ba, shi ya sa aka bar shi a kan kujerarsa, da ɗan abin sauraro maƙale a kunne. Na'urar ke faɗa masa komai, har inda zai ja numfashi.

Ranar Asabar ya shiga kasuwa sayen lemo, sai wata dattijuwa ta tare shi, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni ce mahaifiyar Sallau, wanda ka ɗaure shekara bakwai."

Ya gyara tsayuwa yana jiran tsinuwa.

"Godiya zan yi maka," in ji ta. "Da ka zo kan hukuncin, na ga ka yi shiru, ka cire tabarau, ka share ido. Wallahi shi ya sa nake iya barci. Ko ba komai, wanda ya ɗaure min ɗa ya ji zafin abin."

Tukur ya tuna muryar da ta raɗa masa a ranar: "Dakata. Cire tabarau. Share idon hagu."

"Allah ya fito da shi lafiya, Iya," ya ce.

Ta wuce tana sa masa albarka. Nan fa ƙwalla ta gaske ta cika masa ido. Ya ɗaga hannu zai cire tabarau, sai hannun ya tsaya a hanya, yana jiran a ba shi umarni.